Ramin Taɓon da Magagi Ya Gina

A unguwarmu da ke gefen Filinge masu suna Magagi uku ne. Akwai mai gyaran babur, akwai mai sayar da gishiri, sai kuma wanda ake kira Magagi mai rijiya, ko da yake ya kai shekara goma rabonsa da shiga rijiya. Shi ne maƙwabcina, katanga ɗaya ta raba mu. Dogo ne siriri, ya haura sittin, yana ɗan jan ƙafar hagu. Abin da zan faɗa a nan, wani daga bakinsa na ji, wani matarsa Dijatu ta gaya wa matata, wani kuma a idona aka yi.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Tabla. Ubansa ginar rijiya yake yi, shi ma tun yana saurayi ake ɗaura masa igiya a kugu a zura shi ƙasa. Ya zaga ƙasar Kurfai da wannan sana'a, har can wajen Sanam inda sai an yi gaba talatin kafin a ga danshi. Yana da shekara goma sha tara aka kira ubansa wani gari kusa da Bonkuku, rago ya faɗa rijiya, ba a lura ba sai da ya kwana huɗu. Magagi aka zura. Ya ce da ya kama ƙafar ragon, fatar ce kawai ta biyo hannunsa. Ya fito da shi guntu-guntu a cikin guga, sannan suka kwana biyu suna kwarfe rijiyar.

Tun daga ranar ƙyama ta zauna masa. Randar gidansa sau biyu ake wanke ta a mako. Moɗarsa babu mai taɓawa. In ya ga mutum ya tofa yawu kusa da famfo, ko bai san shi ba sai ya tsaya ya yi masa faɗa. Mutane suna yi masa dariya a kan haka, amma in ana son ruwan suna ko na biki, gidansa ake aikowa.

Da aka fara haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, da injuna, gwiwarsa kuma ta fara ciwo, hanyoyin arewa suka daina biyuwa cikin kwanciyar rai, sai ya ajiye igiya. Ya koma ƙananan ayyuka a cikin gari: gina masai, gyaran katanga, kafa rumfa. Yawancin ayyukan ta hannun Alhaji Mansur suke zuwa, yayan Dijatu. Mansur yana da tsohuwar motar ɗaukar kaya da bakin da ya san kowa. Shi ke karɓo aiki, wasu su yi. Magagi bai taɓa jin daɗinsa ba, amma yayan matarka ba a ɗaga masa murya, don haka shekara da shekaru suna tafiya a haka.

Wata bazara, ana saura mako uku a ba ƴan lakol, wato ƴan makaranta, hutu, Mansur ya zo ya ɗauke shi a mota ya kai shi wani fili mai katanga a bakin gari. Filin na ƴan coci ne. Kiristocin Filinge ba su da yawa, galibi malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da aka turo daga wasu garuruwa, da ƴan gidaje kaɗan. A da matasansu sukan tafi wani wuri su yi kwana biyar a zango duk shekara, suna addu'a da waƙa da wasanni. A bana, saboda halin da hanyoyi ke ciki, sun ce a cikin gari za a yi, wasu matasan su taho daga Baleyara da Yamai, su kusan sittin.

Mai kula da matasan sunansa Haske, ɗan Dogon Dutsi, malamin aji shida ne a wata firamare, bai wuce talatin ba. Ya durƙusa ya gaida Magagi, sannan ya shimfiɗa takarda a kan motar Mansur. Da fensir ya zana komai. Ga bangon katako da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya haura. Ga tayoyi a binne rabi a ƙasa. Ga gungumen da za a bi ta kansa. Ga igiyoyi a saƙe tsakanin itatuwa biyu kamar gidan gizo-gizo. A ƙarshe ga wani dogon abu da ya cika da baƙin fensir.

Magagi ya ɗora yatsa a kai. "Wanga kuma mi ne ne, Mushe?" Haka ake kiran malamin makaranta a wajenmu.

"Ramin taɓo ne, Baba. Za a ja igiyoyi ƙasa-ƙasa a samansa, su bi ta ƙarƙashi da rub da ciki."

"Su wa?"

"Yaran."

"Ɗiyan mutane? Cikin taɓo? Laihin mi sunka yi?"

Haske ya yi dariya ya ce ba horo ba ne. Ya ce yaran sun fito daga wurare daban-daban, ɗan babban ma'aikaci da ɗiyar mai shara, ba su san juna ba, wasu ma suna raina wasu. An shirya kowane abu ne yadda ba mai iya wucewa sai ɗan'uwansa ya kama masa. In kowa ya ɓaci da taɓo, ba a gane mai tsadar takalmi. Ya ciro salula ya nuna masa wasu matasa na wata ƙasa suna birgima cikin caɓi suna ihu. Magagi ya kalla kaɗan ya kau da kai.

"Mu dai gayya munka sani," in ji shi. "In kana son yaro ya san amfanin ɗan'uwa, ka kai shi gona, ko ka zura shi rijiya wani na riƙe da igiya. Amma a ɗebo ruwa cikin wanga zahi a zuba ƙasa da gangan, don mutum ya kwanta ciki?"

Mansur ya ce, "Kai dai ka yi aikinka. Ba kai ka shiga ba."

Ya karɓi aikin. Ya gaya mini a lokacin cewa tun da yake bai taɓa gina abin da ya ji kunyarsa tun kafin ya fara ba sai wannan.

Tayoyin ne suka fara tayar masa da zuciya. Mansur ya kwaso su daga bayan wani gareji, inda masu wucewa suka mai da wurin mafitsara. Cikin ɗaya akwai mushen ɓera da ya bushe, cikin wata akwai tsummokaran da Magagi bai so ya san na mene ne ba. Mansur ya ce a binne su haka, rana ta riga ta kashe komai. Da motar ta tafi Magagi ya ɗaure hanci da rawani, ya kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya, ya goge cikinsu da toka da yashi, ya lanƙwashe duk wayar da ta leƙo. Taya ashirin da huɗu, kwana biyu ya yi a kansu.

Bangon ya fi yi masa daɗin aiki. Ya samo azara huɗu, ya babbaka gindinsu, ya shafe da baƙin mai don gara, ya kafa su har kugu a cikin ƙasa. Kowane katako sai da ya bi shi da tafin hannu yana neman sartse. Gungumen bedi, wato dogon yaro, kuwa ya fere shi, ya ɗora bisa duwatsu yadda ko mutum ya faɗo, yashi zai tarar.

Haske yakan zo bayan an tashi daga lakol, ya tuɓe riga ya kama aiki. Bai iya riƙon guduma ba, tafin hannunsa duk ya yi bororo, amma bai taɓa tsayawa gefe yana nuni da yatsa ba. Akwai kuma Laraba, dattijuwa ce da ta yi ritaya daga aikin jinya, ita za ta kula da abinci da lafiyar yaran. Tun rana ta biyu ta gane irin mutumin da Magagi yake. Ta sayo sabuwar ƙwarya ta ce tasa ce shi kaɗai, a ciki take kawo masa fura. Ta ajiye buta da tabarma a gindin bedi don in lokacin salla ya yi. Ba ta taɓa yin maganar ba, shi ma bai yi ba.

Ramin ne ya bari ƙarshe. Tsawonsa gaba huɗu, zurfinsa iya gwiwa. Ƙasar wurin yashi ce, ba ta riƙe ruwa, don haka ya sa aka kawo jar laka daga ƙorama. Ya tankaɗe ta da raga, yana fitar da ƙaya da kwalba da guntayen ƙarfe, ya daɓe gindin ramin da gefensa, sauran ya baza a ciki. Ko da yake yana ƙyamar abin da za a yi da shi, rami ne, shi kuwa bai iya gina rami a karkace ba.

Aka shirya cewa Mansur zai kawo ganga goma na ruwan famfo ranar Lahadi, lakar ta kwana biyu tana jiƙa, yara su iso Talata. Lahadi ita ce ranar kasuwar Filinge. Ƴan coci suna wajen ibadarsu, Magagi kuma ya shiga kasuwa neman igiya mai kauri. Sai bayan la'asar ya nufi filin da igiyar a kafaɗa.

Tun bai kai ƙofa ba warin ya tare shi. Ya ɗauka jaki ne ya mutu a bayan katanga. Da ya tura ƙyauren sai ya ji ƙugin ƙudaje.

Ramin ya cika. Ruwan ba shi da launi ɗaya, wani wuri kore, wani wuri baƙi, samansa kitse ya daskare yana ƙyalli. Guntayen hanji suna yawo, da dusar tumbi, da wani abu kamar kunnen akuya. Fararen tsutsotsi masu wutsiya suna motsi a bakin lakar da ya tankaɗe da hannunsa. Ya san ruwan. Kowa a garin ya san kududdufin da ke bayan inda mahauta ke wanke kayan ciki, wanda ko a bazara ba ya ƙafewa, wanda ko karnuka sai sun yi shawara kafin su sa baki.

Mansur yana zaune cikin mota a inuwa, ƙofa a buɗe, yana cin goro. Ƴan dakon da suka juye gangunan sun riga sun tafi.

"Alhaji," in ji Magagi, "ina anka ɗebo ruwan ga?"

"Famfo ba ruwa tun da sahe. Inda ke akwai, layi ya kai bakin titi. In tsaya rana ina gadin ganga?"

"Na bayan mahauta ne."

"To? Taɓo sunka ce suna so, ga taɓo. Kwana biyu rana ta buge shi, a watsa ƙasa bisa, wa ka sani?"

"Da huska za su shiga. Shina shiga baki, shina shiga ido."

Mansur ya tofar da goro ta ƙofar motar. "Kai Magagi, ka cika ɗaukar abu da zahi. Mutanen da ba su tsarki, ba su alwala, mi ad damuwarsu da ƙazanta? Ɗiyan kirista ne hwa, ba ɗiyanka ba."

Daga baya Magagi ya ce mini warin ramin bai kai wannan maganar ba. Ya tsaya yana kallon bakin Mansur, jan goro a haƙora, tabon salla a goshi. Wannan mutumin ne ke shiga sahun gaba a masallacin unguwa. A kwano ɗaya suka sha cin tuwo.

"In da Nasiba ce za ta shiga hwa?" Nasiba ita ce ƴar autar Mansur, tana kolej.

Fuskar Mansur ta canza. "Kada ka sake haɗa ɗiyata da su." Ya ja ƙofa ya tada mota.

Magagi ya daɗe a tsaye. Yana iya tafiya gida ya ce bai gani ba, ruwa ba aikinsa ba ne. Sai ya tuna yaran da ya gani a salular Haske, yadda suke ɗago kai taɓo na zuba daga bakinsu. Ya ajiye igiya, ya haƙa wani rami mai zurfi can ƙuryar fili inda zai zuba ruwan, ya tuɓe riga ya rataye nesa, ya naɗe wando, ya ɗauki bokiti.

Da ƙafarsa ta shiga, ruwan da ɗumi kamar miya. Wani abu mai santsi ya shige tsakanin yatsunsa. Bokiti na uku ya yi amai, ya wanke baki da ruwan buta ya koma. Na bakwai ya sake yi, babu abin da ya fito sai ɗaci. Ƙudajen suna sauka a leɓensa, hannuwansa duka biyu a ɓace, ba damar korarsu sai ya girgiza kai.

A haka Haske da Laraba suka same shi, sun zo duba ko ruwa ya iso. Laraba ta toshe hanci da gyale. Haske ya tsaya a bakin ramin da kayan cocinsa, farar riga da baƙin wando.

"Baba, wa ya kawo wannan?"

"Wanda kunka ce ya kawo."

"Ya san inda ya ɗebo?"

"Ya sani."

Magagi bai gaya wa Haske abin da Mansur ya faɗa ba, har yau bai gaya masa ba. Ya ce kunya ce ta hana shi, kamar shi ya furta. Haske ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya ɗauko wani bokiti ya shiga. Bai kai minti biyar ba shi ma ya amayar da abincin ranarsa.

Laraba ta ce kwarfewa ba za ta isa ba, lakar ta riga ta sha. Ko an sake ruwa sau goma, yaro mai ƙurji a gwiwa ya shiga, sai an kai shi asibiti. Ta tafi gida ta dawo da girezil, wannan baƙin maganin da ake wanke masai da shi. Suka gama kwarfe abin da zai kwarfu, ta zazzaga maganin, suka mai da ƙasa suka binne ramin gaba ɗaya, da lakar da aikin kwana huɗu. Rana tana faɗuwa suka gama.

A ƙofar gida Magagi ya tsaya ya ce Dijatu ta miƙo masa ruwa da sabulu. Sau uku ya yi wanka kafin ya yarda ya yi sallar magariba, wandon kuwa ya ce a ƙone. Dijatu ta tambaye shi, ya ba ta labarin ruwan kawai. Ta san yayanta.

"Da ka yi mishi magana, mi ya ce?"

Ya gaya mata. Ta ɗauke tuwon da ta ajiye masa, don ta ga ba zai ci ba.

Litinin da asuba ya fara sabon rami a ɗaya gefen filin. Haske ya zo da iyaye maza uku daga cocin, suka haƙa, shi yana gyara gefe. Laka kuma a amalanken jaki aka kawo, aka sake tankaɗewa. Saura ruwa. Akwai wani mai lambu, Abdulgafar, wanda Magagi ya gina wa rijiya shekara ashirin da suka wuce, ruwanta garai-garai. Magagi ya je ya roƙe shi, ya ce a ɗiba. Ba wanda ya kira Dijatu, amma da suka isa lambun sun tarar da ita riƙe da guga. Ita da Laraba da wasu mata biyu suka yi ta ja, amalanke yana kai da kawowa har azahar ta wuce.

Wannan ma bai yi wa Magagi daɗi ba. Ya tsaya yana kallon ruwan rijiyarsa, wanda ya sha wuya kafin ya cim masa, ana tuntsurar da shi cikin ƙasa yana zama caɓi. Ya ce wa Haske, "Mushe, na yi maka, amma har gobe ban ga hankali cikin abin ga ba." Haske ya ce ya ji, ya kuma gode.

Yara suka iso Talata. Ranar Laraba da hantsi Magagi ya je duba ko azarar bangon ta motsa, ni ma na bi shi don in ga abin da ake ta faɗa. An raba su rukuni-rukuni, maza daban mata daban. Mun tarar da wani rukunin ƴan mata a gindin bangon. Biyu sun durƙusa, ɗaya ta taka bayansu ta kama sama, ta haye ta miƙo hannu. Haka suka yi ta yi har saura ɗaya, wata mai jiki, ba wanda zai ɗaga ta daga ƙasa. Ta yi tsalle sau uku tana zamewa, ta zauna ta fara kuka. Na saman suka yi shawara, suka kwance ɗankwalayensu suka ƙulla, suka zuro mata, su biyar suna ja tana taka katako har ta kai. Magagi bai kalli yaran ba sosai, azarar yake kallo. Da ya ga ba ta ko girgiza ba ya gyaɗa kai.

Sai suka nufi ramin. Suka faɗa ciki da rub da ciki suna ihu, taɓo har cikin kitso, har cikin hanci. Wata ta fito tana tofar da laka tana dariya, ta rungume ƴar'uwarta ta shafa mata a fuska. Magagi ya yamutse fuska kamar ya tauna maɗaci.

"Dubi ɗiyan mutane," in ji shi. "Uwayensu sun wanke su sun aiko. Tashi mu tahi."

Ranar Asabar aka rufe zangon. Haske ya zo har gida ya gayyace shi, ya ce ba wa'azi za a yi ba, godiya ce da cin abinci. Magagi ya sa rigarsa ta Juma'a, na raka shi. An kafa rumfa, an jera kujeru, wani dattijon fasto ya taho daga Yamai. Mun zauna ke nan sai ga motar Mansur. Ba wanda ya gayyace shi. Ya fito cikin farar shadda tana ɗaukar ido, turarensa ya riga shi isowa. Ya wuce kai tsaye wajen faston, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya gabatar da kansa a matsayin wanda ya ɗauki nauyin aikin.

Faston bai san komai ba. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce lalle a ba Alhaji dama ya yi magana. Haske ya sunkuyar da kai. Laraba ta ajiye ludayi ta tsaya da hannu a kugu.

Mansur ya iya magana, wannan ba mai ƙwace masa. Ya ce Musulmi da Kirista a Filinge uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ya ce da aka kawo masa aikin nan bai yi barci ba, don yaran nan ɗiyansa ne, bai bambanta su da Nasiba ba. Ya ce ko ruwan da aka zuba a ramin sai da ya tabbatar mai tsabta ne. Aka yi ta tafi. Matasa suka ɗaga salula suna ɗauka.

An riga an ajiye wa Magagi shinkafa da nama a sabon faranti. Ya dube ta, ya tura ta ƙarƙashin kujera, ya tashi. A bakin ƙofa Laraba ta cim mana.

"Malam Magagi, ka yi haƙuri. Mu mun san wanda ya yi."

"Ba don a san ni ba," in ji shi. "Cikina ne ba ya ɗauka." Ya fita ya jingina da katanga, ya daɗe yana tofar da yawu, shi da ke yi wa mutane faɗa a kan haka.

Abin da Magagi bai iya faɗa wa yayan matarsa ba, Dijatu ta faɗa. Washegari ta yafa mayafi ta tafi gidan Mansur, ta same shi a zaure da baƙi, ta ce su ba ta wuri. Ba mu san duk abin da ta ce ba. Matar Mansur dai ta ce ta ji ta tana cewa uwarsu ta rasu ba ta taɓa miƙa wa baƙo ruwan da ita ba za ta sha ba, kuma daga yau kada ya sake aiko mota ƙofar gidanta. Tun daga lokacin Mansur bai sake kawo wa Magagi aiki ba. Shekarar ta yi musu tsanani, sai da Dijatu ta fara soya ƙosai a ƙofar gida. Ƙafafun Magagi kuma suka yi ƙuraje daga idon sawu zuwa gwiwa, wata biyu Laraba tana zuwa tana wanke masa tana shafa magani.

Ƴan cocin sun ci gaba da yin zangon a filin. Duk shekara Haske yakan zo ya kira Magagi, ya je ya duba bango da gungume, ya sake igiyoyin da rana ta cinye. Ramin kuwa ya ce su nemi wani ya yi musu, ya nuna wa iyayen yadda ake tankaɗe laka, ya ce ruwa kada su yarda kowa ya kawo sai sun bi shi har bakin rijiya.

Jawabin Mansur ya yi yawo a salula. Har daga Yamai aka yi ta turo shi, ana cewa ga irin dattijan da ƙasa ke bukata. Bara da aka kafa wani kwamitin zaman lafiya na unguwanni, sunansa aka fara rubutawa. Rannan muna zaune a majalisa bayan la'asar, wani baƙo da bai san komai ba ya kunna jawabin ya miƙa wa Magagi, ya ce, "Ashe surukinka ne? Kai, kun yi dace da mutum."

Magagi bai karɓi salular ba. Ya ce, "Kashe shi, don Allah, yanzu na ci abinci." Baƙon ya dube mu yana neman bayani, sai mai shayi ya tambayi wa bai samu kofi na biyu ba.